Ruwan da Ba a Ga Saukarsa Ba



Sharhin yau a kan tafiyar ƙasa ne lokacin ruwa, kuma daga wurin masu hawan duwatsu zan ɗauko zancen. Na san wani a Sae Sabuwa ko Gazawa zai yi murmushi ya ce, malam, ina mu ina dutse? Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa da geza da fadama, mutum ya tsaya bayan gari sai ya hangi gero iyakar ganinsa, babu tudun da zai sa shi haki. Haka ne. To amma akwai ilimin da masu bin hanyoyin dutse suka saya da rayukan ƴan uwansu, kuma ya shafe mu fiye da yadda muke zato. Sun gano cewa ruwan da ya fi haɗari ga matafiyi shi ne wanda ya sauka can wani wuri, bai ga hadarinsa ba, bai jiƙa masa riga ba, sai dai ya tarar da shi a hanya. Sun kuma gano abu biyu da ke tsirar da mutum daga irin wannan ruwa: labari ya riga ruwan isowa, sannan a sami inda za a zauna a jira shi ya wuce. Abin da nake son kafa hujja a kansa yau shi ne, waɗannan biyun aikin gari ne. Muddin muka bar su a wuyan matafiyi shi kaɗai, kowace damina za mu je zaman makoki, mu ce tsautsayi ne, mu watse.

Ranar 12 ga Agusta 1997, wasu ƴan yawon buɗe ido suka shiga wani matsattsen kwazazzabon dutse da ake kira Antelope, a jihar Arizona ta Amurka. Inda suke, ruwan da aka yi bai taka kara ya karya ba. Amma kimanin kilomita 11 daga can sama hadari ya sauke ruwa mai yawa, ruwan ya taru ya bi kwazazzabon, ya iske su babu ta inda za su fita. Mutum 11 suka halaka, bakwai daga cikinsu Faransawa, jagoransu kaɗai ya tsira. Abin dubawa shi ne abin da masu kula da wurin suka yi daga baya. Ba su tsaya ga yi wa baƙi wa'azin hattara ba. Suka kafa tsani na ƙarfe a jikin dutse, suka ajiye rediyo mai kawo labarin yanayi a ƙofar shiga, suka sa ƙahon gargaɗi. In an ce akwai hadari a sama sai a rufe wurin, ko da wanda ya biya kuɗin jirgi daga Turai yana tsaye yana kumbura. Wato sun ɗauke hukuncin shiga ko fasawa daga hannun baƙon da ke ɗoki, sun mayar da shi hannun wanda labari ke iso masa.

Ba sai mun je Amurka ba ma. A ƙasarmu akwai duwatsun Azbin, inda tsaunin Bagzan yake, mai tsawon mita 2,022, babu inda ya fi shi tudu a Nijar. Mutanen da ke zaune a kansa da jakuna suke saukowa da amfanin lambunsu ta ƴan hanyoyin da ke tsakanin duwatsu, kuma tun yaro yana bin ayari ake koya masa cewa da damina ba a yada zango a cikin korama, kome laushin yashinta, kome hasken taurari a sama. Dalili kuwa dutse ba ya shan ruwa, abin da ya sauka a kansa gangarowa yake yi gaba ɗaya. Birnin Agadas ya ɗanɗana wannan a farkon Satumba 2009, lokacin da ruwan da ya sauka a kan duwatsu ya cika koramar Telwa, ta ɓalle madatsar da ke kare gari cikin dare, ta rushe dubban gidaje.

To mu fa, ina namu dutsen? Yana ƙasar Katsina. Gulbin Maradi daga tuddan can yake tasowa, ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya wuce Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da kogin Rima. Gulbin Kaba shi ma daga Najeriya yake shigowa, ya ratsa wajen Gazawa ya haura arewa ta Mayahi. Saboda haka mutumin Tibiri na iya duba sama ya gan ta tas, rana na dukan ƙeya, alhali ruwan da zai hana shi kwana a gida ya riga ya kama hanya tun jiya. Tarihin Maradi kansa shaida ne. Tsohon garin a cikin kwarin gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta cinye shi, aka tayar da shi aka maido shi kan tudu inda yake yanzu. A tsakiyar Yuli 2018 kuma ruwan dare ya afka wa Jibiya, fiye da mutum 40 suka rasu, har a wannan gefen iyaka aka tsinci gawarwakin wasu. Ruwa bai tsaya a bakin iyaka an duba masa takarda ba, amma labarinsa sau da yawa a can yake tsayawa.

Mutumin Sae Sabuwa zai ce wannan matsalar mutanen bakin gulbi ce, mu a kan tudu muke. A nan ne nake ganin an fi yin sake. Ranar 30 ga Agusta 2024 an yi ruwa a Maradi da ya kai milimita 150 cikin sa'a ɗaya da rabi, a ƙasar da ruwan shekara gaba ɗaya yake tsakanin milimita 450 da 600. Mutum 15 suka rasu a wannan ruwa kaɗai. A ƙasa baki ɗaya daminar ta ci kusan mutum 400, ta shafi kimanin miliyan ɗaya da rabi, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Idan irin wannan ruwa ya sauka, jigawa kan sha abin da za ta iya, amma geza da fako ba su sha, turo shi suke yi. Ina zai bi? Hanya zai bi. Hanyar ƙauye ita ce wuri mafi ƙasa a tsakanin gonaki, domin sawun mutane da kofaton dabbobi da ƙafafun amalanke sun daɗe suna taka ta, kowace shekara tana ƙara nutsewa. Manomi na dama ya ci ɗan taƙi ya tayar da kunya, na hagu ma haka, burtalin da shanu ke bi a jere ya koma siririn lungu. Ruwan gonaki goma sai ya taru a wannan lungu, ya yi gudu, ya haƙa. Da rani hanya ce, da damina korama ce, bayan shekara biyar kwazazzabo ne da ya fi ƙarfin jaki. Wanda ya tashi daga ƙauyen Sae Sabuwa da asuba zai ci kasuwar Maradi ranar Litinin ko Juma'a, a kan busasshen yashi ya wuce, in ya juyo da la'asar wani wuri dabam zai tarar.

Mu tsaya kaɗan a bakin irin wannan ruwa mu dube shi da kyau. Ja ne jawur, yana kumfa, yana ɗauke da karmami da karan dawa na bara da kashin awaki. Wannan tarkace alama ce cewa ruwan yana share sabuwar ƙasa can sama, wato bai gama hauhawa ba. Mai shiga yana kallon zurfi ne, ya ga bai wuce gwiwa ba, ya naɗe wando. Amma gudu ya fi zurfi illa. In gudun ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin da yake tura mutum da shi sau huɗu yake ninkawa. Hukumar yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, abin da bai cika taƙi ɗaya ba, yana iya kayar da baligi. Santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa ya tafi da babba. Ga kuma wani abu da koramar yashi ta keɓanta da shi. Kana tsaye, ruwa na kwashe yashin da ke ƙarƙashin dugaduganka, ƙafa na nutsewa tana karkata, silifa ya maƙale, ka sunkuya ka ciro shi, shi ke nan an gama. Macen da ke da goyo a baya, ga ƙwaryar fura a ka, hannu ɗaya na riƙe da zanin da ya jiƙe ya nannaɗe mata ƙafafu, ba ta da hannun da za ta dogara sanda. Gwajin da ya fi kowane sauƙi shi ne a kafa kara daidai bakin ruwa, a koma tudu a zauna kwata na sa'a. In ruwa ya haye karan, yana ƙaruwa. In ya ja baya ya bar shi, yana raguwa, kuma ƙananan koramu irin namu sau da yawa sa'a ɗaya ko biyu ta ishe su su kwanta.

Za a ce mani iyaye da kakanni sun ƙetare waɗannan wurare shekara da shekaru ba tare da wani mai sharhi a rediyo ya koya musu ba. Gaskiya ne, kuma saninsu ba abin rainawa ba ne. Sai dai ƙasar da suka sani ta sauya. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Jibiya a 1989 gulbi ya rage zuwa kamar da, har aka yi matasan da suka tashi suna ganinsa a kwance, suka ɗauka halinsa ke nan. Mutane sun yi yawa, gona ta kai bakin kowace hanya. Masu ɗibar yashi da masu bugun bulo sun bar ramuka a inda dā ƙasa take daidai, in ruwa ya rufe babu mai bambance rami da mashigi. Sannan wanda ya fi ƙetarewa yau ba dattijo ne mai sanda ba. Ɗan kabu-kabu ne, ya ɗauko fasinja biyu da buhu, kuma sai ya kai su zai karɓi kuɗinsa. Yaron nan ba wawa ba ne, lissafi yake yi, lissafin kuwa yana ce masa jira asara ce.

Wannan ya kawo mu ga sukar da ta fi kowace nauyi, wadda ba zan kauce mata ba. Mai hawan dutse a Turai nishaɗi ya fito da shi, in ya ga hadari ya koma masauki ya sha shayi, ba abin da ya rasa. Talakan ƙauye fa? Mai tumatir in ya kwana a hanya kayansa sun lalace. Ɗan ƙwadago in ya makara wani ya karɓe noman. Mace na naƙuda a kan amalanke, likita na hayin korama. Ce wa waɗannan su yi haƙuri su jira magana ce mai araha daga bakin wanda ke zaune a ɗaki. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma shi ya sa na ce aikin gari ne. Mutum ba zai jira ba sai an rage masa tsadar jiran. A watan Mayu 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, aka yi tseren kilomita 100 a kan duwatsu. Yanayi ya juya, ruwa da ƙanƙara da iska suka sauko, ƴan tsere 21 suka mutu saboda sanyi, cikinsu har da gwanayen ƙasar, mutanen da babu mai shakkar ƙarfinsu. Shida daga waɗanda suka tsira wani makiyayi ne ya ja su cikin kogon da yake fakewa, ya hura musu wuta. Kogo da wuta, shi ke nan abin da ya raba su da sauran. Mu namu kogon shi ne zaure ko rumfa mai rufi a kowane gefe na mashigin da aka san yana cika, inda matafiyi zai ajiye kaya, ya shanya riga, in ta kama ya kwana ba tare da ya ji ya zama mabaraci ba. Shi ne malamin makaranta da ba zai hukunta yaron hayi ba don ya makara ranar ruwa, ba zai kuma sallami yara su kama hanya hadari na gangami ba. Shi ne mai gona da ba zai yanke ladan ɗan ƙwadagon da korama ta tsare ba, da fasinjan da zai biya ɗan kabu-kabu ko da sun yi sa'a biyu a bakin ruwa. Mai ciki kuma da watanta ya kama a Agusta, maganin ba a bakin korama yake ba. Tun da sauran kwanaki ake kai ta gidan dangi kusa da likita, kuma wannan shawara ce da miji da uwar miji za su yanke, domin ita ba za ta iya yanke ta ita kaɗai ba.

Mai cewa in kwana ya ƙare ko a kan gado sai an tafi, ba zan ja da shi ba. Amma ya tuna mazhabar Malikiyya da muke bi ta yarda a haɗa Magariba da Isha'i a masallaci daren da ake ruwa mai yawa, ko daren da aka haɗa taɓo da duhu, don kada a sa mutane fita sau biyu. In har an sassauta lokacin salla saboda ruwa da laka, ban ga cinikin da ya fi ƙarfin a jinkirta shi ba.

Tun da zancen fakewa ake, bari in ɗan ratse in taɓo tsawa. Wurin da ya fi jan mai tafiya da mai noma in hadari ya taso shi ne gindin babbar bishiya da ke tsaye ita kaɗai a gona, wurin kuwa da ya fi haɗari ke nan. Abin ban haushi, sau da yawa gawo ne, wanda da damina yake zubar da ganye, bai ma tare ruwan ba. Sauti na cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku, saboda haka in ka ga walƙiya ka ƙirga, ba ka kai talatin ba ka ji tsawa, to tana kusa. A ajiye hauya, a nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, a nemi gini. Yaran da ke kiwo ma a sa musu ido, domin jiƙaƙƙiyar riga da iskar bayan ruwa na saurin kayar da ƙaramin jiki, balle wanda ya fita bai karya ba.

Akwai masu cewa duk wannan kwana-kwana ce, gada ita ce magani, gwamnati ta zo ta yi. Lalle a nemi gada, a nemi kwalbati, a matsa wa hukumomin gari su sa a kasafi. Amma mu yi wa kanmu adalci. Babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya ta bi ta Gidan Rumji da Tibiri da Maradi da Agiye da Gazawa, sauran ɗaruruwan ƙauyuka kuwa ta yashi suke isa gare ta, kuma babu kasafin da zai yi wa kowane mashigi gada a shekaru goma masu zuwa. Kwalta ma ba ta gagari ruwa ba, a Agustan 2024 manyan hanyoyin shiga Yamai kansu sai da ya yanke su. Shimfiɗar siminti da ruwa ke bi ta samanta kuma tana da nata tarko, domin tana sa direba ya ɗauka ƙasa na nan daram, alhali ruwa na iya cinye gefenta ba a gani. Kafin gada ta zo, ginshiƙi ɗaya na ƙarfe ko na siminti a bakin mashigi, a shafa masa jan fenti daidai inda dattawan wurin suka yarda cewa daga nan ba a shiga, ya isa ya canja abubuwa da yawa. Amfaninsa bai tsaya ga auna ruwa ba. Saurayin da ke jin kunyar a ce ya ji tsoro ya sami abin nunawa, ya ce ruwa ya kai ja, ba mai yi masa dariya.

Labari kuma yau ya fi ruwa gudu, in an shirya masa hanya. Ruwan korama tafiyar kilomita kaɗan yake yi cikin sa'a, waya kuwa nan take. Babu ƙauyen da za a rasa mai salula. Abin da ya rage shi ne a san wa zai kira wa. Ƙauyen da ke sama ya san ƙauyen da ruwansa ke gangarawa, an yi auratayya, ana cin kasuwa ɗaya. A zauna tun kafin shuka a ce wane a gari kaza shi ke kiran mai gari kaza duk lokacin da aka yi ruwa mai yawa, ko da tsakar dare ne, shi kuma ya sa a faɗa a lasifikar masallaci da tashar ƴan kabu-kabu. Na bakin gulbi su riƙe lambar ƴan uwansu na Jibiya da Madarunfa. Wanda ke shakkar ƙauye zai iya riƙe irin wannan tsari ya duba Ɗan Saga a ƙasar Agiye, inda manoma suka kafa kwamitin tsaron itatuwan da suke raino a gonakinsu, maza da mata da makiyaya, suka sa doka, suka tsaya a kanta har gonakin da suka zama fili suka sake yin itace. Mutanen da suka iya hana gatari taɓa ɗan tsiron gawo ba za su kasa sa ido a kan mashigi biyu ko uku na wata uku ba. Itacen nan ma na cikin maganin, domin gonar da ke da saiwa da ciyawa ba ta turo wa hanya ruwa kamar fako, kuma gefen hanya da gefen burtali su ne inda ya fi kamata a bar shi ya tsaya.

Gidajen rediyo irin wannan su ma suna da nasu kason. Hasashen hukumar yanayi da ake karantawa na jiha ne gaba ɗaya, ba ya gaya wa mai amalanke ko mashigin da ke gabansa ya cika. Mai gari ko ɗan kwamiti da ya kira ya ce an yi ruwa mai yawa a wurinmu, korama kaza ta taso, ya kamata a katse waƙa a faɗa, a ambaci sunan ƙauyen da sunan mashigin, a maimaita bayan kwata na sa'a.

Nan za mu dakata a sharhin yau. Allah ya ba mu damina mai albarka, a kasance lafiya.